Garayar Ailan mai waya da mai nailan a zama ɗaya: ina matsalar take?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce ga masu sani. Rukuni ne na masu koyon garayar Ailan don sha'awa, ana haɗuwa duk Asabar a wani zauren unguwa a Dabilin, babban birnin Ailan. Garaya bakwai ce masu tsirkiyar nailan da liba, wato 'yan maɓallan da ake ɗagawa a ƙara wa tsirkiya tsinin sauti kaɗan, sai ɗaya mai wayar tagulla da ta shigo kwanan nan. Tun shigowarta abu uku ya hana zaman daɗi. Ko an saita kowa da na'urar auna sauti, in aka haɗu sai a ji wasu sautuka suna karo. Mai wayar kuma tana yawan tsinkewa a sama, wajen gajerun tsirkiyoyi. Na uku, in an kaɗa tsofaffin taken O'Carolan, shahararren makaɗin garayar Ailan na da, tare, amon ya cakuɗe kamar kasuwa. Wasu sun ce a cire wayar a sa mata nailan a huta. Shawara?

Malam Kundi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin a taɓa ko tsirkiya ɗaya, a gane cewa kayan kiɗa biyu ne daban kuka haɗa, suna ne kawai ya gama su. Kama da wane ba wane ba ce.

Mai wayar ita ce ta asali, wadda 'yan Ailan ke kira cláirseach, 'yan Sikotilan kuma clàrsach. Guda uku mafi tsufa suna nan har yau: ta Kwalejin Trinity a Dabilin, wadda hotonta ke kan kuɗin yuro na Ailan, da Queen Mary da Lamont a gidan tarihi na ƙasa a Edinbara. Duk na wajen ƙarni na 14 zuwa 15 ne, tsirkiyarsu tsakanin 29 da 32. Akwatin sautin irin waɗannan daga gungume guda ake fafe shi, kamar yadda ake fafe turmi, galibi itacen wilo. Ana jingina ta a kafaɗar hagu, hannun hagu a sama wajen siraran sautuka, dama a ƙasa, kuma da farce ake kaɗawa. Tun wajen 1188 Gerald na Wels ya rubuta cewa makaɗan Ailan da wayar tagulla suke aiki. Wannan salon ya yi ta ja da baya har ya yanke a ƙarni na 19, sai a 'yan shekarun 1970 irin su Ann Heymann suka fara tono shi daga tsofaffin takardu.

Mai liba kuwa ƙanwar babbar garayar makaɗan Turai ce mai feda. John Egan ne ya fara ƙera ƙaramarta a Dabilin wajen 1820, da tsirkiyar hanji da siririn allon sauti da aka manna da gam. Kafaɗar dama take hawa, da tsokar yatsa ake jan ta. Ita ce ƙungiyar Comunn na Clàrsaich ta yaɗa a Sikotilan daga 1931, ƙungiyar Cairde na Cruite kuma a Ailan daga 1960. Don haka maganar a sa wa mai waya nailan, a ajiye ta gefe tukuna.

Ɗan Gurmi:
Allah ya gafarta Malam, ni sunan ma bai kwanta min ba. Garayarmu tsirkiya biyu ce a kan wuya, ana danna ta da yatsa a canja sauti. Wannan kuwa kowace tsirkiya sautinta ɗaya, ba a danna komai. Ta fi kusa da kora ta Mandinka mai tsirkiya 21. Amma tunda bakin kowa ya saba, a ci gaba.

Maman Hanif:
Ɗan Gurmi ka yi gaskiya, amma bari mu sallami yaron nan. Zan ɗauki ɓangaren masu liba.

Abu na farko, a tambayi kowa a kan me ya saita tasa in duk liba tana ƙasa. Yawancin masu tsirkiya 34 ana saita su a E♭, wato sautukan E da A da B duk an sauke su rabin taki. Daga nan in ka ɗaga libar E da A da B ka sami C. Ka ƙara F ka sami G. Ka ƙara C ka sami D, ka ƙara G ka sami A. Wasu kuma a C suke saitawa kai tsaye. Duka biyun daidai ne, amma a rukuni in ba a tambaya ba, sai mai jagora ta ce "a ɗaga F" mai E♭ ya ɗaga F kaɗai ya bar B ɗinsa a kwance. Rabin karon da kuke ji daga nan yake fitowa. A rubuta a takarda a manna a bango: taken G, masu E♭ liba huɗu a kowane zango (wato daga C zuwa C ta gaba), masu C liba ɗaya.

Na biyu, ba a saiti da liba a ɗage. A sauke duka, a saita, sannan a ɗaga. In ka juya fegin da ake ɗaure tsirkiya da shi alhali liba ta danne tsirkiya, jan ba ya rarrabuwa daidai, kuma bakin liba yana cin tsirkiyar.

Na uku, garayar da ta fito daga sanyin waje ta shigo ɗaki mai hita ba a saita ta nan take. A buɗe jaka a bar ta minti 15 zuwa 20 ta sha iskar ɗakin. A fara daga C ta tsakiya, jar tsirkiya, a gama wannan zangon, sannan a gangara ƙasa a dawo sama. Kowa kuma ya duba na'urarsa tana kan 440, wato awon sautin A da aka saba bi, don manhajar wayar salula takan goce zuwa 442 ba ka sani ba.

Mai Farce:
Hajiya ta gama da nata, saura rabin karon da ke wajen mai waya.

Masu wayar tagulla da suka koya a tsohuwar hanya ba da na'ura suke saiti ba, da kunne ne. Akwai tsirkiya biyu a jere masu sauti ɗaya, dukansu G ce wadda ke ƙasa da C ta tsakiya, ana ce musu na comhluighe. Daga su ake farawa. G ta ba D, D ta ba A, A ta ba E, E ta ba B, B ta ba F#, ana tsallake taki biyar-biyar, ana dawowa da zango in an yi nisa. Ana juya fegi har wannan rawar da sauti biyu ke yi, wau-wau-wau, ta lafa ta tsaya cak. A kan tagulla wannan rawar tana fitowa fili saboda amon yana daɗewa.

To ga inda gizo ke saƙa. Na'ura ta raba zango gida 1200 daidai wa daida, taki biyar nata 700 ne. Na kunne mai tsabta 702 ne. Bambancin biyu ne kacal, amma yana taruwa: in G ta yi daidai da na'ura, D ta hau da 2, A da 4, E da 6, B da 8, F# da 10. Biyu ba a ji. Takwas da goma kuwa, garaya bakwai na riƙe da B ɗaya, mai waya na riƙe da wata B tana ringi daƙiƙa da yawa, kowa zai ji. Ranar haɗuwa mai waya ya bi na'ura kamar kowa, a gida ya koma saitinsa. Ba a tsinke tsirkiya da motsin gida goma.

Sai a duba wani abu: wasu masu ƙera kwafin tsofaffin garayu suna auna su don a saita a 415, rabin taki ƙasa da 440. In taku irin wannan ce aka ja ta zuwa 440 don ta bi jama'a, to amsar tambayarka ta biyu ke nan. A tambayi wanda ya ƙera ta, ko a duba takardar tsirkiyoyin da ta zo da ita.

Kuma ba ta da liba. In tana da F# za ta yi G da E ƙarama da A da D na tsohon salo masu C fara, wato mara #. In aka sauke F ta yi C da A ƙarama. Taken D mai C# sai an sake ɗaure duk C ɗinta, wanda ba a yi a tsakiyar zama. A maida taken G ya fi sauƙi, masu liba su sauke liba ɗaya.

Kafinta:
Maganar tsinkewa tawa ce. Ruwa ba ya tsami banza. Kada a jefar da tsinkakkiyar waya, a duba inda ta yanke, ita za ta faɗi laifin waye.

In a jikin fegi ta yanke, ɗayan biyu ne: ko bakin ramin fegin yana da kaifi, ko naɗin ya hau kan juna, waya ta danne waya. A goge bakin ramin da siririn magagari, a naɗa zagaye uku zuwa huɗu a jere, kowanne gefen ɗan'uwansa, ba hawa.

In a ƙasa ta yanke, wajen da ta fito daga akwati, a duba ɗan ƙarfen da ke gadin ramin, mai kama da takalmin doki. Waya takan ci masa hanya ta bar tsini. A shafa farce a wajen, in ya maƙale to akwai tsini. Ko kuma ƙullin ciki ne: ana naɗa ƙarshen wayar a ɗan guntun itace mai tsawon wajen santimita 2, in wajen naɗin ta karye kwana ko sau ɗaya ne, nan za ta mutu. Tagulla ba ta yafe lanƙwasa. In ta yi kwana a hannunka wajen warwarewa daga nadi, yanke wajen ka yar, kada ka miƙe ta da filaya ka ce ta gyaru.

In a tsakiya ta yanke, ko gumin hannu ya ci ta, za ka ga ɗigon baƙi ko kore, ko kuma an ja ta fiye da ƙarfinta. Wannan na ƙarshen shi ne babba. Kowane irin ƙarfe yana da iyakar sautin da zai kai a wani tsawo. Ga rawayar tagulla, mai kashi 70 jan ƙarfe da 30 tutiya, C ta zango ɗaya sama da ta tsakiya ba ta son wuce santimita 27 zuwa 28 a tsawo. Masu ƙera harpsikod, kakan fiyano, ma da wannan awon suke aiki. Ɗauki tef ka auna taka daga takalmi zuwa fegi. In ta kai 30 a kan 440, ba hannun kowa ba ne, lissafi ne.

Sabuwar waya kuma ba a kai ta sautinta a zama ɗaya. A tsaya taki ɗaya ƙasa, a bar ta ta kwana, gobe a ƙara rabi, jibi a kai. Kuma a kau da fuska ko a sa tabarau, wayar sama in ta tsinke bulala ce.

Sabon Hannu:
Na gode Baba Kafinta. An auna, 29 da ɗoriya ce. To in aka sa mai kauri fa? Yanzu mai milimita 0.45 ce a wajen, akwai nadin 0.55 a hannu.

Kafinta:
A'a, ɗana, nan ne kowa ke faɗawa. Kauri ba ya ceto. Mai kauri ta fi ƙarfi, gaskiya ne, amma ta fi nauyi daidai gwargwado, sai an ƙara ja kafin ta kai wannan sautin. Ƙarin ƙarfin da ƙarin jan suna cinye juna, a wuri ɗaya za su tsinke. Siririyar ma takan ɗan fi juriya, domin jan da aka yi mata a masana'anta ya ƙara taurara ta. Abin da 0.55 za ta ƙara maka shi ne nauyi a kan itace: ja yana tafiya da kauri sau kansa, daga 0.45 zuwa 0.55 ƙarin kusan rabi ne. In ka ninka kauri, ja ya ninka huɗu.

Mafita biyu ce. Ko a sauke garayar duka zuwa 415, ko a canja irin ƙarfen a zangon sama zuwa wanda ya fi juriya, wato tagulla mai fosfo ko baƙin ƙarfe, a yarda sautin zai ɗan canja. In an sauke zuwa 415, masu liba na E♭ ba za su iya bin ta a G ba, don G ɗinta F# ɗinsu ce. Ni zan canja wayoyin sama shida ko takwas in bar sauran.

Nailan kuwa a manta. In nauyin ruwa 1 ne, na nailan wajen 1.1 ne, hanji 1.3, tagulla 8.5. Akwatin da aka fafe mai kaurin bango an yi shi ne don tagulla ta girgiza shi. Ka sa masa nailan a wannan gajeren tsawo, tsirkiyar za ta yi sako-sako, sautin kamar ana kaɗa igiyar shanya. Juyin haka ya fi muni: tagulla 0.6 a gurbin nailan 1.0 ja kusan ninki uku ne, allon mai liba zai tsage ko ya ɓalle daga jiki.

Wani abu: in kwafin tsohuwa ce ta gaske, akwati da wuya da ginshiƙi a zure suke cikin juna ba gam, jan tsirkiya ne ke riƙe su. Kada a kwance duka lokaci guda. Ɗaya bayan ɗaya.

Mai Farce:
Saura cakuɗewar amo, kuma a nan laifin na hannu ne.

Nailan in ka ja ta, sautin ya fito da ƙarfi ya mutu da wuri. Tagulla ba ta mutuwa sai ka kashe ta. Ka kaɗa G, A, B a jere ba ka kashe ba, ukun suna nan suna ringi a kan juna. Don haka rabin fasahar mai waya kashewa ce. Ƙa'idar mai sauƙi ce a faɗa: yatsan da ya kaɗa ya koma kan tsirkiyarsa da tsoka a daidai lokacin da na gaba ke kaɗa tasa. Misali a hawa: ɗan tsakiya ya kaɗa G, manuniya ta kaɗa A, a wannan ƙiftawar ɗan tsakiya ya sauka kan G. Babban yatsa ya kaɗa B, manuniya ta sauka kan A. In ka kashe da wuri sai a ji rami tsakanin sautuka, in ka makara a ji karo, in farce ya taɓa wayar da ke rawa maimakon tsoka a ji "zzz".

Ba komai ake kashewa ba, nan daɗin yake. A taken G ka bar G da B da D su yi ta ringi, ka kashe maƙwabtansu A da C da F#. Garayar da kanta za ta shimfiɗa wa taken tabarma, ba sai hannun ƙasa ya cika wuri ba. Edward Bunting, wanda ya tattara tsohon kiɗan Ailan a rubuce, ya buga jadawalin waɗannan motsin yatsu a littafinsa na 1840 da sunayensu na harshen Ailan, irin su briseadh da leath leagadh da sruth mór, yana nuna wane yatsa ke kaɗawa wane ke tarewa.

Farce kada ya wuce milimita 2 zuwa 3 gaban tsoka, a goge bakinsa sumul har ƙasan. Ba a jan waya kamar baka. Motsin ƙarami ne, yatsu na kusa da tsirkiya kullum, ba a naɗe su cikin tafin hannu kamar yadda ake koya wa masu liba. Wanda ya zo da hannun nailan kan tagulla zai yi ƙara, ya gigita saiti, ya tsinke na sama.

Maman Hanif:
Yaya Mai Farce, na yarda da duk wannan, amma kada a ɗora wa garaya ɗaya laifin bakwai. Na san yadda masu koyo ke yi da O'Carolan: kowa hannun hagunsa na zuba sauti uku-uku a ƙasa, G, D, G, a kowane bugu, ba mai kashewa. Wayoyin ƙasa na mai liba su ma naɗaɗɗen ƙarfe ne, suna ringi. Bakwai sau uku, ga laka.

A raba aiki. Mutum biyu kaɗai su riƙe ƙasa, sauti ɗaya a farkon kowane gida, su shimfiɗa tafin hannu su kashe kafin su canja. Sauran su bi taken da hannun dama kawai. Mai waya ya fara zagayen farko shi kaɗai, a na biyu a shigo masa a hankali. A zauna rabin da'ira, shi a tsakiya, don sautinsa siriri ne, yana ratsawa amma ba ya ture kowa.

Inda na saɓa da ku shi ne wannan ra'ayin da ke yawo cewa tsohon kiɗa bai halatta a kan nailan ba. Takardun da suka kawo mana O'Carolan ma ai yawancinsu na masu goge da sarewa da fiyano ne.

Malam Kundi:
Hajiya, ba wanda ya haramta. Amma maganarki ta ƙarshe ita ce ainihin wahalar, bari in buɗe ta.

O'Carolan an haife shi 1670, ya rasu 1738, agana ta makantar da shi yana ɗan shekara 18. Bai rubuta komai da hannunsa ba. Take sama da 200 ake jingina masa, kuma galibi layin sama kaɗai ya iso gare mu. Abin da hannunsa na ƙasa ke yi, sai dai a yi kirdado daga abin da aka ji wajen makaɗan da suka biyo bayansa.

Waɗannan makaɗan su ne na taron Belfas na Yulin 1792: goma 'yan Ailan, ɗaya daga Wels, yawancinsu makafi, mace ɗaya a cikinsu, Rose Mooney. Aka ɗauki Bunting, saurayi ɗan 19 mai kaɗa ogan a coci, ya rubuta abin da suke kaɗawa. Denis Hempson, wanda aka ce shekarunsa 97 a lokacin, shi kaɗai ya rage mai kaɗawa da dogon farce. Garayarsa, wadda ake kira Downhill, ƙirar 1702, tana nan har yau.

Ga tarkon. Littattafan Bunting uku da aka buga, na 1796 da 1809 da 1840, an tsara su ne don fiyano. Ya maida take zuwa mabuɗan da garaya mara liba ba za ta iya ba, ya ƙara sautukan rabin taki, ya cika hannun ƙasa da salon zamaninsa. Wanda ya ɗauki wannan ya ɗora a garaya, kiɗan fiyano yake yi. Abin nema shi ne littattafan aljihunsa da ya yi ta zana a gaban makaɗan, suna Jami'ar Queen's a Belfas, an kuma sa hotunansu a intanet. Rubutun kamar tafiyar kaza, ɗige-ɗige ne da gogewa, amma a wasu shafukan ya rubuta abin da hannun ƙasa ke yi. Abin da ake gani siriri ne: sauti ɗaya ko zango, sau da yawa yana bin taken ne a ƙasa ko yana amsa masa, ba jerin sauti uku-uku ba. Wato shawarar Hajiya ta a rage hannun ƙasa ita ce ta fi kusa da tsohon salon, ko a kan nailan.

Ga rukuni irin naku, a fara da abin da su kansu tsofaffin suka ce da shi ake fara koya wa yaro: Máilí Bhán, da Féileacán, da Burns's March. Gajeru ne, hannu ba ya yawo, kuma ba sa neman liba. Daga nan Tabhair dom do lámh, wanda ake jingina wa Ruairí Dall Ó Catháin. Carolan's Concerto a bar shi sai hannu ya nuna, gudunsa a kan tagulla sai wanda kashewa ta zama masa jiki.

Ɗan Gurmi:
Malam, kunnen da ya tashi da molo da kuntigi yana son ɗan kaɗe-kaɗen ƙarfen nan da ake maƙalawa a kan wuya. Su Turawa sautin nasu ya cika tsabta. Sannan Baba Kafinta, masu kora da igiyar kamun kifi suke ɗaure tasu, ba za ta yi wa mai liba ba? Tsirkiyar kamfani tsada.

Malam Kundi:
Tsabtar nan sabuwa ce, Ɗan Gurmi. Garayar hanji ta Turai a ƙarni na 15 da 16 da ƙugi take. Kowace tsirkiya da ɗan fegin itace mai lanƙwasa a gindinta, shi ke riƙe ta a rami, kansa kuma yana ɗan shafarta, in an kaɗa ta yi "nzzz". Mutanen Wels suna kiran fegin gwrachod, kuma a da har da gashin doki suke murɗa tsirkiya, kamar izgar goge. Saitinsa aikin haƙuri ne: ka juya shi kaurin gashi, in ya matse sautin ya shaƙe, in ya yi nisa ƙugin ya ɓace, in laima ta canja a sake.

Tsohon kiɗan garayar Wels yana cikin kundin Robert ap Huw na wajen 1613, a Laburaren Birtaniya. An gina shi a kan awo 24, ana rubuta su da 1 da 0, 1 na nufin sautukan gida, 0 kuma na fita. Wanda ake kira tytyr bach shi ne 00110011. Hannun ƙasa na maimaita awon, na sama na sauya ado a kansa zagaye bayan zagaye. Mai kunnen gurmi zai gane wannan ginin kafin mai kunnen fiyano.

Kafinta:
Igiyar kifi tana yi a zangon sama da na tsakiya, in an yi lissafi. Ta nailan, kauri ɗaya da wadda aka cire, a auna da maikuromita, kada a yarda da abin da aka rubuta a kwali. Ta fulorokabon ta fi nauyi, wajen 1.8, don haka a ninka kaurin nailan da 0.8: gurbin 1.0 a sa 0.8. In gurbin hanji ne a ninka da 0.85. Wanda ya sa kauri ɗaya ya ƙara wa allonsa ja fiye da rabi bai sani ba. Tana da santsi, ƙulli na zamewa, a sa guntun tsohuwar tsirkiya mai kauri a cikin ƙullin, kuma tana miƙewa mako biyu ko fi kafin ta zauna. C da F a shafa musu ja da shuɗi da alƙalamin da ba ya gogewa, zai koɗe, a sake. Na ƙasa naɗaɗɗu ba su da madadi, sai na kamfani.

In kauri ko irin tsirkiya ya canja, a sake duba liba. Tana rage tsawo da kashi 5.6 cikin ɗari ne, a tsirkiyar santimita 50 wajen 2.8 ke nan daga ƙusar da tsirkiya ke hawa. A saita a buɗe, a ɗaga liba, a duba na'ura. In sautin ya wuce, a sassauta sukurun a tura libar sama wajen fegi. In bai kai ba, a sauko da ita. Rabin milimita a sama yana da yawa.

Sabon Hannu:
Allah ya saka da alheri. Tambayar ƙarshe daga wata 'yar rukunin: tana so ta tafi da ƙaramar mai tsirkiya 26 Kano hutun Disamba.

Kafinta:
Disamba tsakiyar hunturu ke nan. Itacen garaya yana son laima 40 zuwa 60 cikin ɗari, Kano a lokacin takan sauka ƙasa da 20. Allon da ya saba da damshin Dabilin zai tsuke cikin kwanaki, in zai tsage ta bin jijiyar itacen zai tsage, fegi kuma su fara zamewa. In dole ne, a sauke duk tsirkiya taki ɗaya kafin jirgi, liba duka a ƙasa. A can ta zauna cikin jakarta a rufe in ba kaɗawa ake ba, da jiƙaƙƙen soso da aka matse cikin robar sabulu mai huji, kada ya taɓa itace, a sake jiƙa shi kullum. A jefa ƙaramin ma'aunin laima a jakar. Ba rana, ba but ɗin mota, zafi na narka gam. Fegin da ya zame, in irin mai tsini ne da ya ratsa wuya, a danna makullin ciki yayin juyawa, ɗaya hannun na tare wuyan ta bayansa. Ba a buga masa guduma.

Maman Hanif:
Ta kuma tafi da saitin tsirkiyar sama na ajiya da makulli biyu. In makulli ya ɓata a can, sifanar bakanike za ta cinye kan fegin.